Gidan da magajin garin Gaza ya bari

Wanda ya bar Damagaram ya kama hanyar Tanut, kafin ya cika awa guda cikin mota zai hango hasumiyoyin matatar mai ta SORAZ, kusa da Bakin Birji, cikin da'irar Ollelewa. Tafiyar kilomita 50 ce ko kusa da haka. To, zirin Gaza ɗungurungum bai kai tsawon wannan hanya ba: kilomita 41 ne daga iyakar Masar zuwa ƙarshensa na arewa, kuma mutum sama da miliyan 2 ne ke matse a ciki. Manomin Damargu, wanda ya saba da gonar da ido ba ya kai ƙarshenta, sai ya maimaita lissafin kafin ya yarda.

Wuraren biyu duk tsofaffin zangon ayari ne. Kamar yadda fataken Gat da Agadas suke sauke kaya a Damargu su auni hatsi kafin su doshi Kano, haka ayarin Makka yake yada zango a birnin Gaza, bakin teku. A can Hashim, kakan mahaifin Manzon Allah (SAW), ya rasu cikin fatauci, shi ya sa Larabawa ke kiran garin Gazar Hashim. A can kuma aka haifi Imam Shafi'i a shekara ta 767.

A unguwar Rimal, tsakiyar sabon gari, har zuwa 2023 akwai wani gini na siminti tsirara, ba fenti, mai kusurwa uku. Sunansa Cibiyar Al'adu ta Rashad Shawwa, kuma labarin mai sunan ya kamata ya tsayar da duk wanda ya taɓa jefa ƙuri'a don zaɓen magajin gari.

Rashad Shawwa ɗan babban gida ne, an haife shi a 1909. Mahaifinsa Sa'id ya hau kujerar magajin garin Gaza a 1906, zamanin Turkawa. Wansa Rushdi ya riƙe ta zamanin Ingilishi. Shi kuwa attajirin lemu ne, tasa kujerar ta zo masa a mummunan lokaci. Isra'ila ta mamaye Gaza a 1967, ita ce kuma ta naɗa shi a 1971. Bai daɗe ba aka umarce shi ya shigar da sansanin ƴan gudun hijira na Shati cikin hidimar gari. A ido abin kamar alheri ne, ruwa da wuta da shara. Amma kowa ya gane manufar: in sansani ya zama unguwa, mazaunansa sun tashi daga ƴan hijira masu jiran komawa gida, sun zama ƴan gari. Ya ƙi, aka tuɓe shi a 1972. Aka maido shi a 1975, aka sake tuɓe shi a 1982 saboda ya ƙi aiki da hukumar farar hula da sojojin mamaya suka kafa. A wannan shekara aka kori Bassam Shaka'a na Nablus da Karim Khalaf na Ramallah. Ta ɗaya ɓangaren ma bai tsira ba, don wasu ƴan gwagwarmayar Falasɗinu sun ɗauke shi ɗan koren mamaya da na Sarki Husaini na Jodan, har suka nemi ransa.

Mutumin da aka tuɓe sau biyu ya san nauyin kujera. Ollelewa ma ta fara saninsa. Ba ta ga zaɓaɓɓen magajin gari ba sai bayan zaɓen 24 ga watan Yuli 2004. Kafin nan magana ta sarki ce da ta barikin Tanut. Cikin watan Afrilu 2024 hukumomin soja suka rusa majalisun da'irori na ƙasa baki ɗaya, suka naɗa masu riƙo. Ba a haɗa mulkin ɗan ƙasa da mamayar baƙo, ko kusa. Sai dai a can da nan, takarda guda mai sa hannu ta isa ta raba magajin gari da makullin ofishinsa, duk abin da ya fara da sunan ofishin kuwa sai ya koma hannun mai sabon makulli.

Dabarar Shawwa ita ce ya ajiye rabin aikinsa inda takardar kora ba ta kai. Ya kafa ƙungiyar agaji ta zirin Gaza, mai zaman kanta, wadda ke samun gudummawa daga ƙasashen Larabawa. Babban aikinta na farko takardun tafiya ne. Mutanen Gaza ba su da fasfo na wata ƙasa, don Masar da ta riƙe su daga 1948 zuwa 1967 ba ta mai da su ƴan ƙasarta ba. Ta hannun ƙungiyar ɗalibi ko majinyaci ko ɗan kasuwa yake samun izinin ƙetarawa Jodan, har jama'a suka laƙaba wa takardar suna fasfon Shawwa. Kada mai karatu ya ɗauka sadaka ce zalla. Wanda ke ba da takardar fita daga kurkuku yana riƙe da wuyan mutane da dama, kuma tsohon ya san haka sarai. Amma majinyacin da ya kai asibitin Amman bai tsaya binciken niyya ba.

Ƙungiyar ce ta ɗauki nauyin cibiyar al'adun. Wani mai zanen gine-gine ɗan Siriya, Sa'ad Muhaffal, ya tsara ta, aka yi shekaru ana gini ana tsayawa, cikin rashin kuɗi da tarnaƙin hukumar mamaya. A ciki aka yi babban zauren taro da wasan kwaikwayo, da wurin baje zane-zane, da ɗakin karatu mai sunan Diana Tamari Sabbagh, wanda ya tara dubban littattafai. Ƴarsa Laila Shawwa, shahararriyar mai zane, ita ta tsara gilasan tagogin masu launi. Shi kansa bai ci moriyar gidan ba: ya rasu cikin watan Satumba 1988, ana tsakiyar boren Intifada na farko, makarantu a rufe, gari cikin dokar hana fita.

Bayan rasuwarsa ɗansa Mansur ya ja ragamar ƙungiyar, gidan ya buɗe ƙofa sosai, daga bisani hukumar gari ta karɓi tafiyar da shi. A zaurensa ne ranar 14 ga watan Disamba 1998 shugaban Amurka Bill Clinton ya zauna tare da Yasir Arafat, wakilan Falasɗinu suka ɗaga hannu don tabbatar da soke sassan kundinsu da suka ƙi amincewa da Isra'ila. Jaridun duniya wannan rana suka riƙe. Mutanen gari kuwa sun fi tuna bikin yaye ɗalibai, da kasuwar littattafai, da yaran da suka fara ganin wasan kwaikwayo a nan.

Da yaƙi ya ɓarke cikin watan Oktoba 2023, iyalai da yawa suka fake a cibiyar, suna zaton kaurin simintinta zai kare su. Lokacin ɗan tsagaita wuta na ƙarshen watan Nuwamba, waɗanda suka leƙa unguwar Rimal sun tarar luguden wutar Isra'ila ya ragargaza zauren da ɗakin karatun. Laila Shawwa ta riga ta rasu a Landan cikin watan Oktoba 2022, shekara guda kafin gilasan tagoginta su zube.