Nara: Abin da Agana Ta Bari

Barewa ce ta fara yi mini maraba a Nara. Na sauka daga jirgin ƙasan da ya ɗauko ni daga Kiyoto, tafiyar da ba ta kai awa guda ba, ina tafe ina duba taswira, sai na ji ana fizgar takardar. Ina waigawa, ga barewa tana taunar gefenta, ko gezau. A garinmu da maharbi ya hango ta, da tuni an ɗora tukunya. A nan sun fi dubu, suna yawo cikin mutane kamar awakin unguwa, har sunkuyar da kai suke yi in suna roƙon wainar da ake sayarwa dominsu. Na sayi ƙunshi ɗaya, suka yi mini ca, na watsar na ja da baya, 'yan makaranta suna ta dariya.

Wurin bautar Todaiji na zo gani. Na taso ina ganin soron ƙofar gidan Sarkin Kano shi ne ƙarshen girma, to ranar sai da hulata ta kusa faɗuwa. Ginin katako ne, tsayinsa ya doshi mita 50, kuma wai ƙarami ne, don na farkon ya fi shi faɗi. Gobara ta ci shi sau biyu, wannan a 1709 aka gama shi. A ciki ga Buda na tagulla zaune kan furen bado, mita 15, ya ɗaga tafin hannunsa na dama, tafin da mutum zai kwanta a kai ya miƙe ƙafa.

Ba zan ɓoye ba, na rikice. Ni Musulmi ne, na san abin da addinina ya ce kan gunki. Mutane suna haɗa hannu suna sunkuyawa, hayaƙin turare na tashi, ni kuwa na raɓe jikin ginshiƙi na rasa inda zan sa hannuwana. Wani dattijo mai nuna wa baƙi wuri don sa kai ya matso, da takunkumi a fuskarsa. Ya tambaye ni ko na san abin da ya sa aka ƙera shi. Na ce, "Baba, ai ba ya wuce sarki ya nuna ƙasaita." Ya girgiza kai, ya ce ciwo ne.

Agana ce. Ta ɓulla a tsibirin Kiyushu a 735, ta iso Nara, wadda ita ce babban birnin Japan a lokacin, a 737. Masu tarihi sun ƙiyasta ta kashe tsakanin kashi ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku na mutanen ƙasar. 'Yan'uwa huɗu na gidan Fujiwara, waɗanda ragamar mulki ke hannunsu, duk ta kwashe su a shekara ɗaya, kuma 'yan'uwan sarauniya Komiyo ne. Yana magana ina ganin fuskar kakata mai zanzana, wadda takan ce agana ba ta tambayar sunan uban mutum.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne halin sarkin, Shomu. Bai nemi maye ko baƙo ya ɗora wa laifi ba, cewa ya yi gazawarsa ce ta jawo wa talakawa. A 743 ya ba da umarnin a ƙera wannan Buda, ya kuma ce duk wanda ya zo da gudummawa a karɓa, ko da ƙwayar ciyawa ce ko cikin tafi na ƙasa. Wanda aka ɗora wa tara gudummawar wani malamin Buda ne, Giyoki, mutumin da hukuma ta taɓa hana wa'azi, wanda ya yi suna wajen gina gadoji da haƙa tafkuna tare da talakawa. Aikin gayya ke nan, irin yadda ake ginin masallacin unguwa: wannan ya kawo bulo, waccan ta ɗebo ruwa. A 752 wani malami ɗan Indiya, Bodisena, ya zana ƙwayar idon, an ɗaura igiyoyi a alƙalamin don jama'a su riƙe, kowa ya samu hannu a ciki.

Bakina bai yi shiru ba. Na ce, "Baba, wannan tagulla ba ta fi amfani a cikin mayunwata ba?" Na ɗauka zai ji haushi. Sai ya ce gaskiya aikin ya tatse baitulmali, ya gajiyar da mutane, amma in je in ga abin da matar sarkin, Komiyo, ta yi.

Ashe tun 730 Komiyo ta buɗe gidan ba da magani da wurin tsugunar da marasa galihu. Da mijinta ya rasu a 756, ta miƙa kayansa ga Todaiji, ta haɗa da magunguna iri 60, da sharaɗin a ba marar lafiya in ya buƙata. Na leƙa ma'ajiyar daga bayan shinge, Shosoin sunanta, an ɗaga ta kan ginshiƙai kamar rumbu don kada danshi ya taɓa kayan. Cikin magungunan har da masoro da kirfa, kayan da za ka saya a Kasuwar Kurmi yau da safe. Wasu suna nan har yanzu, bayan shekara fiye da 1,200.

Da la'asar na kai kaina Hokkeji, wurin bautar mata da Komiyo ta kafa. Babu barewa, babu hayaniya. A gefe akwai wani ɗan ɗakin katako na wanka da tururi, ana tafasa ruwa a ƙasa, tururin ya ratsa ta tsakanin alluna. Na ce wannan ai surace ne, sai dai mu bargo muke lulluɓa da tukunyar ganye. Labarin da suke bayarwa, kuma su ma almara suka ɗauke shi, wai ta yi alwashin wanke mutum dubu da hannunta, sai na ƙarshen ya zo kuturu, jikinsa duk miki. Ta wanke shi bai dame ta ba, sai ya haskaka, ashe wani Buda ne ya zo gwada ta. Na tsaya ina lissafin gidaje nawa na sani da ake ware wa kuturu ƙwarya.

Dattijon nan na Todaiji ya gaya mini cewa da korona ta zo a 2020, malaman Todaiji sun riƙa addu'a kullum da tsakar rana, har suka gayyaci 'yan Shinto da Kiristoci kowa ya roƙa a tafarkinsa. A watannin nan mu ma alƙunutu muke yi, kowa a gida, masallatai a rufe.

Lokacin salla ya kusa fita, na koma filin barewa, na duba alƙibla a waya, na shimfiɗa rigar sanyina kan ciyawa. Da na sallame na yi wa kakata addu'a. Wata barewa tana tsaye taku biyu daga gabana, ta zuba wa aljihuna ido, inda ragowar taswirar ta leƙo.