Minti Ashirin Kawai Nake Nema

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Yau sati uku ke nan da aka manna takarda a ƙofar ɗakin injuna, wai daga ƙarshen Fabrairu babu sauran aikin dare. Mu huɗu ne masu kula da lantarki da janareta a masana'antar robar da nake aiki a Sharaɗa. In babu dare, mutum biyu sun isa. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma na iya lissafi. Tun da kuɗin wutar Band A ya tashi daga kusan naira 68 zuwa 225 a Afrilun bara, ga kuma duhun Oktoba da Arewa ta yi fiye da mako ba wuta, muna ta ɗura wa janaretarmu Perkins gas dare da rana, ban sake ganin haƙoran mai kamfani ba.

Takardar neman aiki tara na rubuta, ko ɗaya ba a amsa ba. Da la'asar na je gaida Baba, ubangidana da ya koya mini riƙe sufana. Na zayyana masa komai. Ya daɗe yana goge hannu da tsumma, sannan ya ce: "Kana ta aika takarda gidajen da ba ka san inda ƙofarsu ke kallo ba. Je ka zauna da masu aikin. Kada ka roƙi kowa. Mutum in ya ji roƙo sai ya tsuke fuska, don ba shi da abin ba ka. In ya ji tambaya kuwa, sai ka gaji da saurare." Ya sa yaronsa ya rubuta mini lamba uku a bayan kwalin filta.

Litinin, 13 ga Janairu

Na rubuta tambaya goma sha bakwai. Maman yara ta karanta, ta ce wannan ai tuhumar 'yan sanda ce, ta soke har suka koma biyar: yaya ranar aikinku take daga safe zuwa dare? Me ke yawan lalacewa? Wace takarda ake tambaya kafin a ɗauki mutum? Da yau za ku fara, me za ku fara koya? Wa kuma ya kamata in gani bayanku?

Kiran farko ya fi ɗaga kan silinda nauyi. Ina gama sallama da faɗin sunan Baba, mutumin ya ce, "Ai ba ma ɗaukar ma'aikata yanzu." Na ce, "Injiniya, ba aiki na zo nema wurinka ba. Ina tunanin komawa harkar sola, kuma ban san ta ba. Minti ashirin nake so, a lokacin da ya yi maka." Ya yi shiru, irin shirun mai jiran a fito da ainihin buƙatar. Da bai ji ta ba sai ya yi dariya, ya ce gobe bayan azahar.

Talata, 14 ga Janairu

Shagonsa na wajen France Road a Sabon Gari, faranti jingine da faranti har bakin titi. Na tafi da lemu biyu masu sanyi da ɗan littafina. Minti ashirin ta zama awa ɗaya da rabi, kuma ba ni na ja ta ba.

Da na ce shekarata goma sha ɗaya a lantarki, sai ya ce masu irin shekaruna su suka fi ba shi tsoro. Na ji haushi, amma na haɗiye. Ya ɗauko wata birka da ta ƙone ta narke, ya ajiye a gabana. Wani tsohon hannu ne, in ji shi, ya sa birkar wutar gida a layin faranti. Wutar da muka saba da ita tana sauka sifiri sau ɗari a daƙiƙa ɗaya, shi ya sa tartsatsinta ke mutuwa da kansa. Wutar faranti ba ta sauka. In ta kama, sai ta ci gaba da ci kamar walda. Farantin wat 550 ɗaya yana ba da kusan bolt 50 in ba a ɗora masa kaya ba. Jera tara a layi guda, ka haura 400, kuma babu makunnin da za ka kashe rana da shi. Duk wannan na taɓa karantawa a makaranta. Ban taɓa riƙe shi a hannu yana warin ƙuna ba.

Na tambaye shi me ke yawan lalacewa. Bai ko yi tunani ba: batir. Masu tubula ba sa zuba ruwan batir sai ya bushe, ko su zuba na famfo. Masu litiyom kuma su sayi na kilowat biyar su ɗora masa firiza biyu da dutsen guga, sannan su kira shi da tsakar dare su ce ya cuce su. Rabin aikin, a cewarsa, lissafin kaya ne da iya gaya wa Alhaji gaskiya tun kafin ya biya. Ya ce tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 duk mai filaya ya zama injiniyan sola, kuma gyaran ɓarnarsu ya kusa fin sabon aiki yawa a wurinsa.

Abin da bai faɗa da baki ba amma na gani: yaransa babu mai albashi. Kowane aiki da kuɗinsa. Wata ya yi albarka, wata ya bushe. Ga mai 'ya'ya huɗu da kuɗin haya, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Da zan tafi na yi tambaya ta biyar. Ya ba ni lamba biyu, ya kuma ce ran Asabar suna da aiki a wani gida, in ina so in zo in gani.

Laraba, 15 ga Janairu

Awa biyu na yi a benci a wani ofis a Bompai. Da mutumin ya fito, yana sauri, sai na rikice na ce, "Ranka ya daɗe, ko da akwai gurbi a wurinku?" Ya ce in bar takarduna wurin sakatare. Ko zama ba mu yi ba. Laifina ne. Na rusa abin da Baba ya gina da jimla ɗaya, ga kuɗin adaidaita sahu ya tafi a banza.

Alhamis, 16 ga Janairu

Na haɗu da mai kula da turakun sadarwa a teburin mai shayi, bayan isha. Shi ne na fi sa wa rai, domin kowane turke akwai janareta a gindinsa, kuma na ji ana cewa albashinsu ba laifi.

Ya bar ni na gama yabon aikin, sannan ya ciro wayarsa ya nuna mini kiran daren jiya: ƙarfe ɗaya da rabi, uku saura kwata, huɗu da minti goma. Turke in ya mutu, agogo ake kunna maka. Wuraren da ke hannunsa sun warwatsu har ƙauyukan da ba ya son bin hanyarsu bayan magariba. In gas ya yi ƙafa, kafin a tambayi mai gadi shi ake fara tambaya. Kayan cikin turken da bolt 48 na batir suke aiki, don haka nan ma sai mutum ya san rektifaya, janareta kaɗai ba ta isa ba. Ya ce, "Yaya, ni da ina da shekarunka da iyalinka, ba zan shigo ba."

Na biya kuɗin shayin, ya ƙi, na nace. Da takarda na aika suka ɗauke ni, sai na yi wata uku kafin in san abin da na sani yau a kan kofi biyu.

Juma'a, 17 ga Janairu

Bayan masallaci na tura wa kowa saƙon godiya, har da na Bompai. Na zazzage jakar takarduna. Trade Test ɗina na Ma'aikatar Ƙwadago mataki na biyu ne. Na ɗaya na yi ta cewa sai baɗi har shekara shida. Mutum biyu a makon nan sun ambaci takardar shaidar NEMSA ta masu aikin wayarin. Ba ni da ita.

Asabar, 18 ga Janairu

Aikin a wani bene ne, faranti goma sha biyu. Ban taɓa sanin ina tsoron sama ba sai da na taka kwano ya lotsa. Yaro ɗan shekara goma sha tara ne ya ce, "Oga, bi kan layin ƙusa, nan katako yake." Ni da nake da yara a ƙarƙashina a wurin aiki, yau ni ne mai miƙo kaya. Abin bai yi mini daɗi ba da farko, daga baya na manta.

Sun fuskantar da farantan kudu, da ɗan jirkice. A gidan maƙwabci akwai wasu da ƙurar hunturu ta rufe har sun koma launin ƙasa. Injiniya ya nuna mini da haɓa, ya ce gobe za a ce inbata ce ba ta da kyau. Na koyi matse kan MC4 na haɗa wayar faranti, na ɓata biyu. Amma da aka zo allon rarraba wuta na cikin gida, na ga babu wayar ƙasa ta kirki, an cusa waya biyu a birka ɗaya. Na yi magana. Injiniya ya leƙa, ya dube ni, ya miƙo mini sukudireba bai ce komai ba.

Litinin, 20 ga Janairu

Lambar ƙarshe ta wata Hajiya ce, injiniya, ita ke shugabantar sashen gyare-gyare a wani asibitin kuɗi. Na yi ta jinkirin kiranta, ban san ta inda zan fara ba. Ashe ita ta fi kowa tsare lokaci: ta ce minti ashirin, ta kuma ajiye agogo a tebur.

Na fara da cewa ina so in bar janareta in koma sola. Ta katse ni: "Malam, wa ya ce maka ana barin janareta?" Ta zagaya da ni baya. Ga wutar gwamnati, ga janareta biyu, ga faranti da batura, duk suna haɗuwa a allo ɗaya, kuma ɗakin tiyata da firjin jini ba su san uzuri ba. Ta ce masu sola da ke zuwa mata ba su san gwamnan inji ko AVR na janareta ba, in inji ya yi tari sai su tsaya suna kallo. Makanikai kuma in sun ga allon inbata sai su ce wannan aikin 'yan kwamfuta ne. Kullum sai ta kira mutum biyu, kowa na ɗora wa ɗan'uwansa laifi, ita kuma tana tsaye da likita a kanta. Ta kawo misalin tashar sola ta Jami'ar Bayero da aka buɗe a 2019, mai megawat 7.1: ita ma haɗin gambiza ce, da batura da injunan gas a bayanta.

Daga nan tambayar ta juyo kaina. Me zan fara dubawa in ATS, makunnin da ke juya wuta zuwa janareta, ya ƙi juyawa? Yaushe na yi amfani da mega, na'urar gwada lafiyar waya, na ƙarshe? Ina rubuta awannin inji, ko a ka nake riƙewa? Na amsa biyu da kyau. Ta uku na ce a ka. Ta girgiza kai, ta ce duk ƙwarewar da ba a rubuce take ba, ranar da mai ita ya kwanta zazzaɓi ta tafi hutu.

Bakina ya yi ta ƙaiƙayi in tambayi gurbi. Na tuna bencin Bompai, na danne. Agogo na cika ta miƙe. A bakin ƙofa ta ce in na karɓo mataki na ɗaya in sanar da ita. Ban san ko alkawari ba ne ko sallama, kuma ban tambaya ba.

A hanyar gida na yi ta juya maganar. Kwana takwas ina yawo da sana'ata kamar tsohuwar riga da nake jin kunyar a gani, ina neman inda zan tuɓe ta. Ashe ita ce rabin abin da ake nema.

Laraba, 22 ga Janairu

Ina cin abincin rana Injiniyan Sabon Gari ya kira. Wani injin casar shinkafa a hanyar Kura, sun haɗa wa ofishin da rijiyar burtsatse sola, amma inbata ta ƙi karɓar wutar janareta don cajin batir. Kwana biyu yaransa suna canza saiti. Na nemi izini na tafi bayan la'asar.

Tun daga ƙofa na ji injin yana hawa yana sauka. Na sa mita: 46, 47, ya leƙa 52, ya dawo. Inbatar ba ta yi laifi ba, wuta ce aka ba ta marar natsuwa ta ƙi. Filtar gas ta toshe, gwamna kuma an taɓa shi. Na canza filta, na fitar da iska, na daidaita shi a juyi 1,500 har mita ta tsaya a 50. Ba a yi minti ɗaya ba muka ji ƙarar rile, caji ya hau. Yaron nan na kan kwano ya ce, "Oga, dama haka ne kawai?" Na ce masa shekara goma sha ɗaya ce kawai.

Injiniya ya ba ni kuɗin mota da ɗan abin sayen nama, ya ce akwai irin wannan biyu a Dawanau kafin azumi. Bai yi maganar ɗauka ba, ni ma ban yi ba. Takardar soke aikin dare na nan a ƙofar ɗakin injuna. Na sayi littafin rubutu mai bango mai tauri, na rubuta awannin Perkins na yau a shafin farko. Gobe ƙarfe tara zan je ofishin ƙwadago in tambayi ranar jarrabawa, da hoto fasfo huɗu a aljihu.