Madubin da Ya Cinye Mana Kuɗin Gyaɗa

Mu biyu ne, wa da ƙani, bindigarmu kuwa ɗaya: ta iska, mai sifirin, wadda ake karyawa a saka ƙwayar darma. Baba ya sha zirga-zirgar lasisinta kafin ta dawo hannunmu. Da ita muke bin hasbiya da kurciya, in rabo ya rantse har da zabon daji.

Shekarar da gyaɗa ta yi kyau muka haɗa kuɗi don sayen madubin saiti. Ido ya ruɗe mu. Muka ɗauko mafi girma a shagon, an rubuta masa 6-24x50, har da 'yar jar fitila a ciki. Ranar, yaran unguwa layi suka yi suna leƙen ƙwallon masallaci.

Abin da ba mu sani ba, bindiga mai sifirin sau biyu take girgiza: ta yi baya, nan take kuma ta fizga gaba. Madubin da ba a gina shi don wannan fizgar ba, a hankali kayan cikinsa ke kwancewa. Namu bai ga ƙarshen hunturu ba. Ƙura ta shige wajen murɗa girman hoto har yana ƙaras-ƙaras, saiti kuma yau hagu, gobe sama.

Wata asuba cikin hazo muka dace da zabi a bakin fadama. Saiti na kan ka, ƙwaya ta sami cinya. Zabuwar ta faɗa cikin sabara tana jan ƙafa. Sai washegari muka tsince ta, tururuwa sun riga mu. Baba bai ɗaga murya ba. Cewa kawai ya yi, "Kun san yana muku ƙarya, kuka ɗora shi a kan mai rai?" Wannan ta fi asarar kuɗin ciwo.

Damina ta ƙarasa shi. Tururi ya kwanta ta cikin gilashin, inda tsumma ba ya kaiwa.

Na biyu da muka saya ba shi da kwarjini ko kaɗan: 4x32, girmansa ba ya sauyawa, don haka ƙofofin ƙura sun ragu. Mun tabbatar an rubuta cewa yana jure bindigar sifirin, an cika shi da iskar naitirojin, an toshe gaɓoɓinsa da zoben roba. Mun ƙara kuɗi a kan maƙalinsa, mai ɗan ƙusar da ke hana shi zamewa baya; da can mun ɗauka maƙali ƙarfe ne kawai. Ga mamaki, gab da magariba ya fi ƙaton haske. Raba 32 da 4, milimita 8 ke nan na hasken da ke fitowa zuwa ido. Wancan in an murɗa shi 24, da kyar yake ba da 2.

Hunturu uku ke nan yana kan bindigar. Duk da haka ba ma fita sai mun kafa kwali a taku 25 mun yi harbi biyar. In tambarin bai taru wuri guda ba, ranar miyar kuka ake sha.