Attajirin da ya zuba dukiyarsa ga malaman lissafi

Kowane magidanci ya san tulu mai yoyo. Komi yawan ruwan da aka ɗebo daga rijiya, in gindin tulu ya tsage, kafin azahar babu na sha. Ga labarin wani mutumin ƙasar Amurka da ya ga irin wannan yoyo a makarantun ƙasarsu, da dabarar da ya yi don ya toshe shi.

Sunansa Jim Simons. An haife shi a shekarar 1938. Tun yana yaro lissafi ya shiga ransa. Ya yi karatu har ya zama malamin jami'a, wato babbar makaranta. A 1968 aka ba shi shugabancin sashen lissafi na jami'ar Stony Brook, cikin jihar Niyok. A 1978 ya ajiye alli ya shiga kasuwancin kuɗi. Da ya kafa kamfaninsa, sai ya riƙa ɗaukar gwanayen lissafi da na kimiyya aiki. Kasuwa ta yi masa kyau, ya zama ɗaya daga cikin manyan attajiran duniya.

A 1994 shi da matarsa Marilyn suka kafa gidauniya. Gidauniya kamar rumbun tsimi take: mai hali ya ware wani kashi na dukiyarsa, ya ajiye shi don aikin jama'a. Tasu gidauniyar ta lissafi ce da kimiyya. Kimiyya ita ce sanin yadda abubuwa suke: ruwa, ƙasa, tsiro, cuta da magani.

To, ina yoyon yake? A Amurka, wanda ya gwanance da lissafi ƙofofi da yawa ne a buɗe gabansa. Banki na nemansa, kamfanonin kwamfuta na nemansa, kuma albashinsu ya fi na malamin makaranta nesa. Saboda haka gwanaye da yawa ba su shiga aikin koyarwa. Waɗansu sukan shiga, su yi ƴan shekaru, su fita. Simons ya san wannan sarai, don shi kansa ya bar koyarwa.

Yara ne ke shan wahalar. Malamin da bai fahimci lissafi ba, hadda yake sa yara. Yaro zai rera 7 sau 8 su ne 56, baki ba gargada. Amma a ce masa gona mai eka 1 tana cin buhu 2 na taki, buhu nawa gona mai eka 3 da rabi za ta ci? Sai ya yi shiru. Amsa buhu 7 ce, kuma malami nagari ne ke kai yaro ga gano ta da kansa.

A 2004 Simons ya kafa ƙungiya a birnin Niyok mai suna Math for America, wato lissafi don Amurka. Da farko matasa masu ilimin lissafi aka nema. Aka biya masu kuɗin karatun shekara 1 don su koyi dabarun koyarwa. Bayan haka aka tallafa masu shekara 4 suna aiki a makarantun gwamnati.

Daga baya aka ƙara ƙarfi wajen malaman da suka daɗe cikin aji. A lokacin, malami sai ya yi aƙalla shekara 4 yana koyarwa kafin ya nema. Ana gwada iliminsa, ana ganawa da shi. A shekarun 2010, wanda aka zaɓa yakan samu dalar Amurka 15,000 kowace shekara har shekara 4, ban da albashinsa. Jimla dala 60,000 ke nan. Kada mai karatu ya ruɗe: dalar Amurka ba dalar kasuwar Maraɗi ba ce, mai tamma 5. Kuɗin shekara guda ya kai miliyan 8 zuwa 9 na sefa, ko da yake zaman Niyok da tsada yake. Sharaɗi shi ne malami ya tsaya cikin aji.

Ba kuɗi kaɗai aka ba su ba. In an tashi makaranta, malaman sukan taru da marece suna koya wa juna. Wannan ya nuna yadda yake koyar da rabawa, wancan ya kawo abin da ya gagari yaransa, a haɗa kai a warware. A 2013 aka shigo da malaman kimiyya. Yawansu ya kai wajen 1,000, kusan malami 1 cikin 10 na masu koyar da lissafi da kimiyya a makarantun gwamnati na birnin.

Amma kyauta tana da iyaka. In an taimaki malami 1 cikin 10, saura 9 fa? Birni guda ba ƙasa ba ce. Kuma mai bayarwa ba ya dawwama: Simons ya rasu a watan Mayu na 2024, yana da shekara 86. Kuɗin gidauniya iri ne, ba cimakar shekara ba. Amfanin iri a shuka shi, wasu su ga yabanya su kwaikwaya. Haka kuwa aka yi. A 2013 gwamnatin jihar Niyok ta buɗe irin wannan shiri da kuɗin baitulmali, don malaman sauran garuruwanta.

Mai son taimaka wa makaranta, gini ya fi zo masa a rai, don gini ana ganinsa daga nesa. Simons malami ya zaɓa. Mai karatu ya ɗauki alli ya lissafa: malamin da yara 100 ke bi ta hannunsa kowace shekara, in ya yi shekara 20, yara 2,000 ke nan. In ya fita bayan shekara 3, yara 300 kaɗai suka amfana.

Saboda haka garin da ya dace da malami nagari, ya riƙe shi hannu biyu. Makiyayi ya sani, sayen nagge ba shi ne kiwo ba. Kiwo shi ne kula da ita har ta ba da nono.