Rauni Ne, Ko da An Kira Shi Kwalliya

Duk wanda ya tashi a garuruwanmu na gaɓar Bahar Azrak, daga Mai Wurno zuwa Sinja da Damazin, ko a unguwannin Hausawa na Gadarif da Kasala, ya san tsofaffin mata masu baƙin leɓen ƙasa, baƙi mai sirkin shuɗi kamar an tsoma shi a rinin baba. Shi ne abin da maƙwabtanmu Larabawa ke kira daggi shalufa, wato dakan leɓe. Kakanninmu da suka iso ƙasar nan, wasu a kan hanyar hajji, wasu cikin ayarin da ya biyo bayan yaƙin Burmi na 1903, sun zo da nasu zanen: tsagar gado a kumatu da 'yan baka a gefen baki. To, zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Da zama ya yi zama, sai wasu gidajenmu suka ɗauki dakan leɓe tare da dilka da humra da duhan, ya shiga cikin gyaran amarya.

Idan aure ya matso, sai a kira gwanar aikin. A kwantar da yarinya a kan tabarma, kanta bisa cinyar goggo ko inna. A ɗaure allurai wuri guda da zare, a yi ta caccakar leɓen har jini ya tsattsafo, sannan a cusa kwalli ko baƙin fitila. Ƙawaye na kewaye da ita suna waƙa da tafi, kuka kuwa abin gori ne har tsufa. Leɓen ya kumbura suntum, ta yi kwanaki ba ta iya tauna, sai kunu da madara ake ba ta a hankali. Azaba ce ta gaske, kuma da haɗari, domin allura ɗaya takan zagaya bakuna da yawa, kwallin dutse kuma yana ɗauke da dalma. Amma akwai abu guda da tsofaffin nan ba su yi wasa da shi ba: sun san rauni suka yi wa 'yarsu. Saboda haka ake yin aikin da sauran lokaci kafin biki, da sanin kowa a gidan, kuma akwai wadda aka ɗora wa jinya har leɓen ya saɓe.

Karatu da wa'azi sun kashe wannan al'ada a yawancin garuruwa, har muka ɗauka ta tafi ke nan. Ashe sutura ta sake. Yau allurar tana cikin wani ɗan inji mai kama da alƙalami, gwanar tana zaune a shagon kuwafer ko tana zuwa gida da jakarta, sunan aikin kuma tauridi, wato mayar da leɓe launin fure. Yaƙin da ya ɓarke a watan Afrilu na 2023 ya watsa iyalanmu zuwa Bur Sudan da Alƙahira da sauran wurare, 'ya'yanmu suka gani a can, suka gani a TikTok da Instagram, suka dawo da labari. Kaka ta sha wuya don leɓenta ya yi baƙi, jika tana biyan kuɗi don a rufe baƙin da aka haife ta da shi. Wannan kaɗai ya isa wa'azi ga mai hankali, domin ma'aunin kyau ya juya tun kakar tana raye, zanen kuwa yana nan a bakinta.

Hukuncin addini a kan wannan ba ɓoyayye ba ne. Duk wanda ya zauna gaban malami ya karanta Risala ta Ibn Abi Zaid ya wuce wurin da aka hana mata yin zane a jiki, kuma hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud da ke cikin Buhari da Muslim ya yi tsanani a kan mai yi da wadda ake yi wa. Sauya launi daga baƙi zuwa ja bai sauya aikin ba: huda fata ne da cusa rini a ƙarƙashinta. A nan muka tsaya, kuma haka muke gaya wa 'ya'yanmu. Sai dai zaman da muke yi a zauren mai unguwa muna rubuta ƙararraki ya koya mana cewa hani kaɗai ba ya rufe magana. Yarinyar da ta san za a hana ta takan yi a ɓoye, kuma a gurguje.

An taɓa kawo mana maganar wata amarya da aka yi wa aikin saura kwana huɗu ɗaurin aure. Ƙawarta ce ta raka ta, uwar ba ta sani ba. Ta dawo ta rufe baki da gefen tobi, ta ce ciwon haƙori take yi. Washegari aka zaunar da ita a ramin duhan kamar yadda aka saba, aka ba ta shayi mai zafi. Kwana uku leɓen ya cika da ƙuraje, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta. Aka ɗaga biki, dangin ango suka ce an ɓoye musu cuta, dangin amarya suka ce an ci musu mutunci, mai aikin kuwa ta kashe waya. Sai da dattawa suka yi zama biyu kafin aure ya tsira. Yarinyar ta warke, amma da tabo a gefen baki. Da uwar ta san abin da ke ƙarƙashin tobin nan tun daren farko, da ba a kai ga haka ba.

Shi ya sa muka nemi bayani daga ma'aikatan lafiya na cikinmu, domin iyaye su san abin da suke hanawa, su kuma san abin yi idan aikin gama ya gama. Abu na farko, fatar leɓe siririya ce ƙwarai, cike da jijiyoyin jini, kuma tana bakin ƙofar abinci da yawu. Injin yana huda ta ne sau da yawa cikin zama ɗaya da kan ɗauki awa biyu ko uku. Man kashe zafi da ake shafawa yana rage raɗaɗi, amma raunin yana nan yadda yake.

Akwai waɗanda ko a wurin masu sana'ar na ƙwarai ba a taɓa su: mai ciki, mai shayarwa, mai ciwon suga da bai daidaita ba, mai shan maganin tsinka jini, da wadda ciwo ke bar mata tabo mai tudu. Duk wadda ƙurajen zazzaɓi suka taɓa fito mata a baki, ƙwayar cutar tana kwance a jikinta, kuma allura tana tashin ta. Likitoci kan ba irin wannan maganin asiklobir tun kafin aikin. Ana barin asfirin da makamantansa saboda suna ƙara zubar jini, ana kuma barin jabana a ranar. Leɓen da ya bushe ya tsage ba a ɗora masa allura. Allurar kanta dole ta zama sabuwa, a ɓare ta daga ledarta a gaban ido, mai aikin kuma ta sa safar hannu. Ciwon hanta nau'in B da C da ƙanjamau duk suna bin allura, ƙwayar nau'in B kuwa tana iya yin mako guda da rai a kan kayan aiki.

Akwai kuma abin da masu talla ba sa faɗa wa 'ya'yanmu. Yawancin hotunan da suke gani na masu farar fata ne. Baƙin leɓe irin namu idan ya ji rauni yakan mayar da martani da ƙarin baƙi, shi ya sa zama ɗaya ba ya isa, sai an koma sau biyu ko uku, kowane da kuɗinsa da jinyarsa. Jan rini shi ne ya fi kowane launi tayar da ƙaiƙayi da borin jini. Launin yakan koɗe cikin shekara biyu zuwa uku, wani lokaci ya bar dabbare-dabbare. Wadda ta ce za ta goge da hasken leza kuma, rinin da ke da tsatsar ƙarfe a ciki yana iya rikiɗewa ya koma baƙi ƙirin.

Idan an riga an yi, to jinya ta zama wajibi a kan gida, faɗa ya jira. Kwana ɗaya zuwa biyu na farko leɓen zai kumbura, launin ya yi duhu fiye da yadda aka zaɓa. Daga kwana na uku zai bushe ya fara ɓawo, ya yi kusan mako yana zuba. A nan ake yin ɓarna, domin hannu ba ya haƙuri. Ɓawon da aka ɓanɓare yana tafiya da rini, ya bar tabo. A bar shi ya faɗi da kansa. A riƙa dangwala tsaftatacciyar auduga da ruwan da aka tafasa ya huce, a shafa man da ma'aikacin lafiya ya ce, shafi kaɗan, da hannu wankakke. Kada a sa toka, ko man goge baki, ko kwalli. Shaɗɗa da lemon tsami da gishiri mai yawa da abinci mai tururi duk a dakata da su, abin sha kuma ya huce, a sha da tsinken roba. Babu duhan, babu jan baki, babu zama a rana ko fita cikin habub har mako biyu. Bayan ɓawon ya zube launin zai yi kamar ya ɓace, ba ya zama daram sai bayan mako huɗu zuwa shida. Duk wadda ta ce wa amarya za ta warke kafin Juma'a, kuɗinta take so.

Alamu huɗu kuwa ba a kwana da su a gida: kumburin da ke ƙaruwa bayan kwana na uku, mugunya, jan da ke yaɗuwa zuwa haɓa ko kumatu, da zazzaɓi. Mun san halin da asibitocinmu ke ciki tun da aka fara yaƙi, mun san yadda magani ya yi tsada ya yi wuya. Wannan ma dalili ne babba na kada mutum ya sayo wa kansa ciwo da kuɗinsa. In kuwa ya zo, a nemi likita ko ma'aikacin jinya tun da wuri, domin ciwon fuska ba ya jiran kunya ta wuce.

Iyayenmu mata, ku ne kuka fi kusa. Ku buɗe wannan magana tun ranar da aka sa rana, lokacin da ake lissafin lalle da dilka, kafin ƙawaye su riga ku. Ku gaya wa yarinya hukuncin, ku gaya mata abin da allurar ke yi, ku nuna mata leɓen habobarta ta gani da idonta. Ku kuma tabbatar mata cewa ko ta saɓa, ƙofar ɗakinku a buɗe take a daren farko. Mu iyaye maza da angwaye, mu kiyaye harshenmu, domin sau da yawa kalma ɗaya ta kushe ce ke tura yarinya shagon nan. Wadda ta riga ta yi kuma, tsohuwa ce ko yarinya, malamai ba su tilasta mata cirewar da za ta cutar da ita ba, tuba ta ishe ta, gori kuma ba ya cikin magani.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya dawo wa ƙasar nan da zaman lafiya.