Yadda na ƙona kan firintata da hannuna, da abin da za ka yi idan taka ta fara nuna kuskure

Yau labarin wata asara da na jawo wa kaina zan ba ka, don kada kai ma ka faɗa ramin da na faɗa. Idan kana da firinta mai amfani da tawadar ruwa, ko a gida ko a shago, ko kana tura mata aiki daga wayarka, to ka daure ka karanta har ƙarshe.

Ina da ɗan shago a unguwarmu inda nake buga takardu da hoton fasfo. A cikin hunturu na yi tafiyar mako uku zuwa ƙauye. Ranar da zan tafi ina cikin buga wata takarda aka ɗauke wuta, ni kuma mota na jirana, sai kawai na ja ƙofa na kulle. Ban rufe firintar da komai ba, ban kuma jira wuta ta dawo na kashe ta yadda ya kamata ba.

Na dawo ranar Talata. Ranar Laraba da safe shugabar wata makarantar firamare ta kawo min aikin takardun sakamakon ɗalibai, masu tambarin makaranta mai launi, ta ce ranar Juma'a za a raba wa iyaye. Ta ba ni rabin kuɗi, na ce mata, "Hajiya ki kwantar da hankalinki, gobe da yamma ki aiko a karɓa."

Takardar farko da ta fito, rubutun baƙi duk ya yi zane-zanen fari a tsakiya, tambarin da ya kamata ya zama kore ya fito rawaya. Daga nan na fara aika-aika. Na danna wankin kai sau ɗaya, bai gyaru ba. Na sake, na sake, har sau takwas a jere ba hutu. Tawadar shuɗi ta ƙare, firinta ta yi min gargaɗi, na danne gargaɗin na ci gaba da bugawa. Da na ga abin ya ƙi, sai na ciro kan gaba ɗaya na kai shi bakin famfo na wanke, na goge da gefen rigata, na mayar da shi da danshinsa na kunna. Fitila ta fara ƙiftawa, saƙon kuskure ya fito a waya, daga nan firintar ba ta sake ko motsi ba.

Washegari na ɗauke ta zuwa wajen wani mai gyara a titin Beirut a Kano. Ya buɗe, ya sunsuna kan, ya dube ni ya ce, "Malam, ruwa ka sa masa ko?" Na ce e. Ya ce, "Da ka bar shi ya kwana biyu ya bushe da ba mu zo nan ba. Toshewa ce kawai ta same shi, kai ne ka ƙona shi." Kuɗin sabon kai da ya faɗa min ya haura rabin kuɗin firintar. Aikin Hajiya kuwa a shagon wani na buga shi, na biya daga aljihuna, ribar ta tafi har da ƙari.

To bari na yi maka bayanin abin da na fahimta daga baya, wanda da na san shi tun farko da ban yi wannan ɓarna ba.

Kan firinta, wanda masu gyara ke ce wa hed, shi ne abin nan da ke zirga-zirga dama da hagu a kan takarda. A ƙasansa akwai ɗaruruwan ƙofofi ƙanana, kowacce ta fi silin gashi siranta, ta nan tawada ke fesowa. Hanyar feso tawadar iri biyu ce. Firintocin Canon da HP suna amfani da zafi: a bayan kowace ƙofa akwai ɗan ƙaramin abin dumama da ke tafasa tawada cikin ƙiftawar ido, zafin yana kai wajen digiri 300, kumfa ta taso ta turo ɗigo waje. HP ta fitar da ThinkJet a 1984 da wannan fasaha, Canon kuma ta sa wa tata suna Bubble Jet. Ita Epson ba ta amfani da zafi. Tun 1993 take amfani da fasahar Micro Piezo, inda wani ɗan sinadari ke lanƙwashewa idan wuta ta taɓa shi, ya matso tawadar waje.

Abin lura a nan shi ne, a irin mai zafin nan, tawadar ce da kanta ke sanyaya kan. Ka ga kenan idan ka ci gaba da bugawa babu tawada, kamar ka ɗora tukunya a wuta ba ruwa ne. Abin da na yi kenan lokacin da na danne gargaɗin shuɗi.

Sannan duk lokacin da ka kashe firinta ta maɓallinta, kan yana komawa gefe ya zauna a kan wata 'yar roba da ke rufe ƙofofin don kada iska ta busar da su. Idan wuta aka ɗauke, ko ka zare waya daga soket tana tsakiyar aiki, kan zai tsaya a buɗe. Ka haɗa wannan da bushewar iskar hunturu da ƙura na mako uku, ai ka san abin da zai faru.

Don haka idan taka ta fara matsala, abu na farko shi ne ka gane wace iri ce, domin iri biyu ne kuma maganinsu ba ɗaya ba ne. Akwai toshewa: firinta tana bugawa amma rubutu na fitowa da zane-zane, ko wani launi ya ɓace. Akwai kuma matsalar wuta ko ta haɗuwa: firinta ta ƙi bugawa sam, fitila na ƙiftawa, ko ta nuna maka lamba. A Canon, lambar B200 tana nufin an samu matsalar wuta ko zafi a kan, 5200 tana da alaƙa da zafin kai, 1403 ko U052 kuma na nufin firinta ba ta gane kan da ke cikinta ba. HP takan rubuto maka ƙarara cewa akwai matsala a kan ko kuma ba ta gan shi ba. Ka ɗauki hoton saƙon da wayarka kafin ka taɓa komai, zai yi maka amfani wajen bincike ko wajen mai gyara.

Idan toshewa ce, kada ka fara da wanki. Ka fara buga takardar gwaji, wadda za ka ga an rubuta Nozzle Check. Idan firintarka tana da Wi-Fi za ka iya nemo wannan daga waya, ta manhajar Epson Smart Panel, ko Canon PRINT, ko ta HP, a ɓangaren kula da firinta. Takardar za ta fito da layukan kowane launi: baƙi, shuɗi, ja da rawaya. Inda ka ga layi ya yanke, nan ne toshewar take. Ka duba tawadar wannan launin tukuna, wani lokaci ma ƙarewa kawai ta yi.

Idan akwai tawada, sai ka yi wanki sau ɗaya, ka sake buga gwajin, ka ajiye takardun biyu gefe da gefe. In ka ga layukan sun ƙaru, to kana kan hanya. Epson a irin su L3110 ta ce idan ka yi sau uku bai gyaru ba, ka bar firintar ta huta aƙalla awa 12 ba bugawa. Canon kuma ta ce ka yi wankin talaka sau biyu, sannan Deep Cleaning, in bai yi ba ka kashe ta ka jira awa 24 kafin ka sake. Wannan jiran ba ɓata lokaci ba ne fa. A cikinsa ne sabuwar tawada ke jiƙa busasshiyar, kumfar iska da ta shiga kuma ta kwanta. Ni wannan haƙurin ne na rasa.

Wani abin da mutane ba su sani ba: tawadar da ake zuƙa lokacin wanki ba ɓacewa take ba, tana tafiya cikin wani soso ne a ƙasan firinta, kuma firintar tana lissafi. Ranar da lissafin ya cika za ta tsaya cak, a Canon ka ga 5B00, a Epson ta ce soson ya kai ƙarshen aikinsa. Kenan yawan wanki barkatai wata matsalar yake jawo maka. Shi Power Cleaning na Epson ma ya fi kowanne shan tawada, kada ka yi shi sai kowane tanki yana da aƙalla kashi ɗaya cikin uku.

Idan kuma lamba ce ta fito, to wanki ba zai yi maka komai ba. Ka kashe firintar, ka zare wayar daga bango, ka bar ta kamar minti goma. Ka buɗe murfi ka haska da fitilar wayarka, ka duba ko akwai guntun takarda ko fil da ya tare hanyar kan. Idan taka irin mai katirij biyu ce, baƙi da mai launi, kamar yawancin HP DeskJet da ƙananan Canon PIXMA, to ka yi sa'a, domin kan a jikin katirij ɗin yake. Ka ciro shi, ka goge wuraren nan masu launin tagulla da kyalle mai tsafta marar gashi wanda ka ɗan jiƙa, ka goge inda suke haɗuwa a cikin firintar, ka bari su bushe sarai, ka mayar har ka ji ya yi ƙas. In bai yi ba, sabon katirij ya zo maka da sabon kai kenan.

Idan kan naka irin wanda ake ɗaga marfi a ciro ne kuma komai ya ƙi, jiƙawa ita ce dabarar ƙarshe, ba ta farko ba. Kada ka yi da ruwan famfo ko na rijiya ko fiya wata, duk suna da gishirin ƙasa da zai ƙara toshe ƙofofin. Ka nemi ruwan allura a kemis, ka ɗan ɗumama shi, ka zuba kaɗan a faranti a kan tishu da ka ninka, ka ɗora ƙasan kan kawai na kamar minti goma. Kada ruwa ya taɓa wurin tagullar, kada ka kankare, kada ka tsokana da allura. Sannan abin da ya ci ni: ka bar shi ya bushe kwana ɗaya ko biyu kafin ka mayar. Ɗigon ruwa ɗaya a wurin wuta ya isa ya ƙona kan, wani lokaci har da babban allon firintar. Allon da ya ƙone kuma zai iya ƙona sabon kan da ka saya, shi ya sa kafin ka kashe kuɗi ka sa mai gyara ya gwada allon tukuna.

Masu Epson ta tanki, don Allah kada ku ce za ku kwance kan da kanku. An ɗaure shi da sukurori da siraran wayoyi masu saurin yagewa. In wanki da jira sun ƙi, ku kai wa wanda ya san aikin.

Yanzu ga yadda nake yi tun da na sayi sabon kai. Duk ranar Asabar, ko ba aiki, sai na buga takarda ɗaya mai duk launuka huɗu. Ba na zare waya sai na kashe ta maɓalli na ji kan ya koma mazauninsa ya yi shiru. In an ɗauke wuta tana aiki, da zarar ta dawo ko na tada janareta, sai na kunna ta na kashe yadda ya dace. Na sa mata ƙaramin UPS, na kuma sa tela ya ɗinka mata riga saboda ƙura. Tawada ba na barin ta ta sauka ƙasa da layin da aka zana, kuma na daina haɗa irin da ba a yi wa firintar ba don kawai na ga ya fi araha. In zan yi doguwar tafiya, ƙanena nake bar wa mukulli ya riƙa buga takardar nan ta Asabar.

Hajiya ta ci gaba da kawo min aiki, amma har yau in ta shigo sai ta ce, "Malam, injin naka lafiya dai ko?" Ni kuma yanzu duk aikin da aka kawo, sai na buga takardar gwaji na gani da idona kafin na karɓi kuɗin kowa ko na yanke masa rana.

Idan taka tana nuna wata lamba yanzu haka, kashe ta tukuna. Ka rubuto mana sunan firintar da lambar da ta nuna, da tsawon lokacin da ta yi ba a buga komai da ita ba, sai mu duba tare kafin ka kai mata hannu.