Dawar Hanwa

Duk yaron da ya tashi a cikin ganuwar Zariya yakan haddace ƙofofin birni tun bai yi nisa a allo ba: Ƙofar Doka, Ƙofar Kuyambana, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kona, Ƙofar Bai da sauransu. Ya san gidajen sarauta huɗu, Mallawa da Barebari da Katsinawa da Sulluɓawa. Ya san Malam Musa ne ya zo da tuta, Sarki Makau ya bar gari ya yi kudu, har ɗan'uwansa Abu Ja ya kafa Abuja a 1828, wadda yau ake kira Suleja. In mun yi baƙo, Masallacin Juma'a muke kai shi ya ga aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu na zamanin Sarki Abdulkarimu. Da wannan aka raine mu, kuma ina alfahari da shi har gobe. Amma sarakunan nan da malamansu da maginansu duk tuwo suka ci, kuma babu wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana wa ya noma dawar.

Tamu dawar daga Hanwa take zuwa. Wanda ya san Zariya ta yau zai yi mamakin a kira Hanwa ƙauye. Ka fito ta Ƙofar Doka, ka ratsa Tudun Wada, ka haye Kubanni, ka bi hanyar Samaru, kafin ka wuce Kwangila ka riga ka shige ta ba ka sani ba, don gidajen siminti da shaguna da gidajen mai sun haɗe ta da gari. Ni kuwa na riski ƙarshen lokacin da take ƙauye sosai, da rumbuna a bayan gida, da shanu a bakin gari, da gonaki har inda ido ya tsaya.

Babanmu maɗinki ne a Unguwar Juma, mai aikin wuyan babbar riga, aska biyu da aska takwas. Hannunsa bai san fartanya ba. Duk da haka ban taɓa ganin an auno mana hatsi a kasuwa ba ina yaro. Da kaka, bayan an yanke dawa, sai a ji sallama a zaure tun rana ba ta yi zafi ba. Kawu ne, ƙanin Inna mahaifiyar babanmu, da jakunansa ɗauke da dammunan dawa da buhun wake. Ƙafafunsa duk faso, rigarsa ta rine da jar ƙasa. Inna takan fito da kanta ta kawo masa ruwa, su zauna a tabarma su yi ta lissafin wanda ya haihu da wanda ya rasu. Da rani kuma ya dawo da mangala wayam, ya kwashe tokar murhu da kashin awaki da sharar da muka tara a bayan ɗaki, ya kai gona. Shararmu ta tafi, ta dawo mana tuwo. Babanmu yakan durƙusa har ƙasa ya gaishe shi, amma ban taɓa ganin ya ja shi zuwa majalisar abokansa a ƙofar gida ba. Na lura da haka tun ina ƙarami, ban dai san dalili ba.

Dalilin ya bayyana ne lokacin da na fara neman aure. Yarinyar 'yar cikin birni ce, mun daidaita, manya sun shiga magana. Sai gidansu suka ce a ba su lokaci su yi bincike, kamar yadda aka saba. Wata ya wuce, wani ya bi bayansa, daga baya aka aiko da haƙuri, wai an riga an yi mata miji a dangi. Babanmu bai ce uffan ba. Inna ce ta aika a kira ni ɗakinta bayan isha'i.

"Zauna, maigidan," in ji ta, don haka take kirana. "Kada ka zargi kanka, kada ka zargi ubanka. Ubana bawa ne. Yana yaro aka kamo shi daga kudu, zamanin Sarki Yero, aka kai shi gandu a Hanwa. Ni dai ɗiya aka haife ni, Nasara ya riga ya zo. Abin da suka tono ke nan."

Na ce, "Inna, me ya sa ba a taɓa gaya mana ba?"

Ta ce, "Wa zai ɗora wa yaro kayan da bai iya ɗauka?"

A daren ban yi barci ba. Ba zan ɓoye ba, abin da ya fara zuwa mini kunya ce, kamar an kama ni da kayan sata, alhali mu ne aka sace. Sai da na yi shekaru kafin kunyar ta koma son sani, na fara zama da Kawu ina tambayarsa, ina kuma neman abin da aka rubuta.

Birnin Zazzau na ƙarni na 19 kewaye yake da rinjoji, wato ƙauyukan gandu na sarakuna da masu sarauta da attajirai, inda bayi ke noma abin da birni zai ci. Wani masanin tattalin arziki, Jan Hogendorn, ya yi bincike a kan biyu daga cikinsu, Biye da Hanwa, ya buga a 1977. Littafin Baba ta Karo, wanda Mary Smith ta rubuta daga bakin tsohuwar aka buga a 1954, shi ma ya bayyana zaman rinji filla-filla. Abin da na karanta bai saɓa wa abin da Kawu ya ji daga bakin ubansa ba. Da hantsi a fita gandu ƙarƙashin sarkin gandu, a jera a kama kunya, a kawo abincin rana daga gidan ubangiji, a tashi da azahar. Ragowar yini na bawa ne, ya je gayaunarsa ya noma abin da zai sayar ko ya ci da iyalinsa. Wanda ya iya sana'a yakan yi murgu, ya riƙa biyan ubangijinsa wani abu a bar shi ya nemi na kansa, in Allah ya buɗa masa ya tara kuɗin fansa. 'Ya'yan da aka haifa a gidan su ne dimajai, a musulunci suke tashi, kuma bisa al'ada ba a kai su kasuwa.

Nakan ji wasu masu ilimi suna kafa hujja da wannan tsari suna cewa bautar ƙasar Hausa mai sauƙi ce, ba kamar ta Amurka ba. Bambanci akwai shi, ban musa ba. Amma Kawu ya gaya mini ubansu yana da zane a fuska irin wanda babu mai shi a Hanwa, kuma har ya tsufa in ya tashi ƙirga dami, a hankali yake yi da wani harshe da babu mai ji. Ƙirgan nan kaɗai ya rage masa daga gidan uwarsa. Yaron da aka raba da uwarsa haka, gayauna ba ta biya shi ba.

Turawa sun shigo Zariya a 1902. Dokar Gwamna Lugga ta ce duk wanda aka haifa daga 1 ga Afrilu 1901 ɗa ne, amma ba ta kwance waɗanda ke cikin bauta kai tsaye ba. Da yawa sai da suka je gaban alƙali suka fanshi kansu, kuma ba a soke bauta baki ɗaya a Arewa ba sai 1936. Kakan babanmu ya fanshi kansa da kuɗin auduga, bayan jirgin ƙasa ya iso aka kafa injin gurzar auduga a Zariya. Bai tafi ko'ina ba. Ina za shi? Ya riƙe gayaunarsa, ya sari daji ya ƙara, ya aurar da 'yarsa ga wani maɗinki a cikin birni. Gonar da ta ciyar da mu ke nan.

Akwai wani abin da ya ɗaga mini kai game da Hanwa, wanda 'yan birni kaɗan ne suka san shi. A 1966 zuwa 1967, masu bincike daga Samaru ƙarƙashin David Norman sun zaɓi ƙauyuka uku na ƙasar Zazzau, Hanwa da Doka da Ɗan Mahawayi, suka bi manoma shekara guda suna rubuta aikin da aka yi a gona da abin da aka girbe. Kawu ya tuna malaman da ke zuwa da takarda suna auna gona, mutane na tsoron ko ƙarin haraji ne. A lokacin, koyarwar malaman gona ita ce a shuka iri ɗaya a gona ɗaya, ana ganin cakuɗa shuka rashin wayewa ne. Manoman kuwa suka ci gaba da abin da suka gada: gero da ruwan farko, dawa a tsakaninsa, in an yi maimai a soka wake, wani wuri gyaɗa. Gero ya nuna da wuri ya kashe yunwar tsakiyar damina, ya bar wa dawa fili, wake ya rufe ƙasa ya ba da harawa. Da aka yi lissafi sai aka ga haɗin nan ya fi riba a kan faɗin gona, ya fi biyan wahalar lokacin noma da hannu ke ƙaranci, kuma in wani iri ya ƙi wani zai yi. Wannan bincike na cikin abin da ya sauya tunanin masana noma a ƙasashe da dama game da ƙananan manoma. Ilimin da suka zo suka auna, a hannun irin su Kawu yake, mutumin da ba a ja shi majalisa.

Daga nan gari ya taso wa ƙauyen. An kafa Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, makarantar koyon tuƙin jirgin sama a 1964, hanyar Samaru ta cika da ma'aikata masu neman wurin zama. Dokar filaye ta 1978 ta sa ƙasar birane a hannun gwamna, diyya kuma ta amfanin gona ce da gini, ba ta ƙasar kanta ba. Wani yanki na gonar Kawu ya tafi ta wannan hanya, aka ba shi abin da bai kai kuɗin noman shekara biyu ba. Ragowar, bayan rasuwarsa, magada suka yanka fuloti, dillalai suka yi ta kai da kawowa. Rabon Inna ya gangaro har kanmu, ni ma na karɓi nawa. Ban ga laifin kowa a sayarwar ba, don babu mai iya tsare dawa a tsakiyar gidaje, awaki da yara ba za su bar ta ba. Abin da ke ci mini rai shi ne an sayar ba tare da yawancin jikoki sun san yadda aka sami gonar ba, da gumin wa aka fanshe ta.

Shi ya sa na zaunar da 'ya'yana na gaya musu duka, da zanen fuskar, da ƙirgan, da kuɗin audugar. Yayana bai ji daɗi ba ko kaɗan. Ya same ni har gida ya ce, "Kai dai ba ka da 'yan mata a gabanka ne? Abin da aka binne shekara ɗari, kai ne za ka tone shi?" Ban raina maganarsa ba, don ni na san zafin abin da yake gudu, a jikina aka gwada. Har yanzu a cikin birni ana aika tsofaffi su binciko asali, kuma har yanzu akwai gidajen da kalma ɗaya ke rushe maganar aure, ko da saurayin ya sauke Alƙur'ani ya yi digiri.

Na ce masa, "Yaya, masu binciken nan ai sun riga sun sani. 'Ya'yanmu ne kaɗai ba su sani ba. Gara su ji daga bakinmu, su ji har da yadda ya fanshi kansa, da su ji rabin labari daga bakin mai neman hana su aure."

Bai yarda ba, ni ma ban janye ba. Nasa 'ya'yan har yau bai gaya musu ba, ya kuma roƙe ni kada nawa su kai musu maganar, na ce na ji. Babbar 'yarsa an sa ranarta bayan babbar salla, kuma dangin mijin sun ce suna nan tafe su gaisa da tsofaffin unguwa.